Tac ba ya ji a gefen dama, kuma waya na danna kanta a caji: sikirin ne ko bod?

Ɗalibin_Gyara

Assalamu alaikum, malamai. Ga wata waya Android a kan tebur, sikirin LCD mai inci 6.5, gilashin babu tsaga ko ɗaya, hoto kuma na fitowa tas. Matsala biyu gare ta. Ta farko, akwai wani siririn wuri a gefen dama, tun daga sama har ƙasa, wanda ba ya jin yatsa sam, wato tac ya mutu a wurin. Harafin P da maɓallin goge rubutu ba sa dannuwa sai an juya wayar a kwance. Ta biyu, da zarar an sa ta a caji sai ta riƙa buɗe manhajoji da kanta, tana rubuta haruffa ba wanda ya taɓa ta. Mai ita ya ce ba ta shiga ruwa ba, amma ta taɓa faɗuwa ƙasa. An kashe an kunna, an goge gilashin, babu abin da ya canja.

Don Allah ta yaya ake rarrabe laifin sikirin da na bod (babban allon lantarki na cikin waya) kafin a sa mutum ya sayi sabo? In kuma sikirin ne, me ake dubawa a sabon don kada wayar ta dawo bayan sati biyu?

Malam_Sikirin

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi daidai da ba ka gaggauta sayen kaya ba. Ka ɗauka matsala biyu ce daban, kada ka ɗaure su wuri guda tun yanzu.

Gilashin da yatsa ke taɓawa ba shi ke ji ba. A ƙarƙashinsa akwai siraran layuka na wani sinadari da ake kira ITO, wanda ke ɗaukar lantarki amma haske na ratsa shi. Wasu layukan a tsaye suke, wasu a kwance, kamar saƙar tabarma. IC na tac, wato ƙaramin guntun lantarki da ke kula da jin yatsa, yana tura sigina a layukan ɓangare ɗaya, yana saurare a ɗaya ɓangaren, yana zagaye allon gaba ɗaya sau 60 ko 120 ko fiye a kowace daƙiƙa. Idan yatsa ya sauka, sai ya janye ɗan abu daga cajin da ke mahaɗar layukan, IC ya lura da ragin ya ƙididdige wurin. Ragin nan ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa ɗigon ruwa, ko iska a ƙarƙashin sikirin-gad, ko caja mai hayaniya ke iya rikita shi.

In ka gane wannan, siffar wurin da ya mutu ita za ta faɗa maka inda cutar take. Don haka fara da zana taswira. Shiga About phone, danna Build number sau 7, sai Developer options ya buɗe. Kunna Pointer location. Yanzu duk inda yatsa ya bi zai bar layi. Ja yatsa a hankali daga hagu zuwa dama, ka sauko kamar santimita ɗaya ka sake ja, har ka kai ƙasa. Sannan ka yi daga sama zuwa ƙasa. A Samsung lambar *#0*# tana buɗe gwaji mai akwatuna, a Xiaomi kuma *#*#6484#*#*. Amma Pointer location ya fi, domin yana nuna har karkacewar layi, ba yankewa kaɗai ba.

Idan wurin da ya mutu miƙaƙƙe ne daga wannan baki zuwa wancan, faɗinsa ɗaya, to layi ɗaya ko biyu ne suka tsinke, ko a cikin gilashin ko a inda fileks, wato siririn kebul mai lanƙwasa da ke fita daga sikirin, ya manne da shi. Wannan shi ne abin da ka kwatanta, kuma faɗuwa na jawo shi ba tare da gilashin sama ya fashe ba. Idan layin da kake ja yana karkarwa ko tsalle a ko'ina, hayaniyar lantarki ce ko rashin gurawun (ground, hanyar da lantarki ke bi ya koma). Idan allon duka ya mutu lokaci guda hoto na nan, ka nemi wuta, kanekta (inda fileks ke jonuwa da bod) ko IC. Idan kuwa wurin da ya mutu na canja wuri daga manhaja zuwa manhaja, ba kayan ƙarfe ba ne, wata manhaja ce ke shimfiɗa kanta a kan allo. Shiga Safe mode, yanayin da ke tsayar da manhajojin da aka sauke, ka gani. Ka duba saitin Accessibility ma: TalkBack na sa sai an danna sau biyu, Touch and hold delay kuma in an tsawaita shi sai waya ta yi kamar mai nauyin ji. A iPhone wannan na ƙarƙashin Touch Accommodations.

Kafin gwajin ka cire sikirin-gad da rigar wayar. Gad na gilashi mai kaurin milimita 0.33 wanda gam ya game duk fuskarsa ba ya cika kawo matsala. Wanda gam ɗinsa a baki-baki kaɗai yake, irin na sikirin mai lanƙwasa, shi ke barin iska a tsakiya, iskar ta rage ji. Samsung na da Touch sensitivity a saitin Display saboda wannan, amma saitin ba ya tayar da layin da ya tsinke.

Batun danna kai a caji kuwa, kashi mafi yawa caja ce. Caja mara kyau ba ta tace hayaniyar da ke fita daga cikinta, sai gurawun ɗin wayar ya riƙa lilo, IC ya ɗauki lilon a matsayin yatsa. Gwaji uku ne, ba sa cin minti biyar. Canja caja da kebul duka biyu zuwa na asali. Riƙe jikin ƙarfen wayar ko bakin kebul na ƙarfe da ɗaya hannun. In abin ya lafa, hayaniya ce. Na ƙarshe, yi caji da fawa-banki wanda ba a jona shi da bango ba. In ta natsu a fawa-banki, wayar ba ta da laifi a wannan ɓangaren. In ba ta natsu ba, kwantar da ita a kan tebur mai sulɓi ka duba ta gefe: bayanta ko sikirin ya ɗago? Batir mai kumburi yana tura sikirin daga ciki, zafin caji kuma na ƙara abin. Irin wannan batir ba a matsa shi, ba a huda shi, ba a ci gaba da cajinsa.

Injiniya_Bod

Malam ya gama da waje, bari in shiga ciki.

Akwai abu ɗaya da ke yanke hukunci a kan layin da ya mutu: ina IC na tac yake zaune? A yawancin wayoyin Android na yanzu yana jikin sikirin ne, ko a kan fileks, ko an haɗe shi da direban hoto a cikin IC ɗaya da ke manne da gilashin, wato irin incell. A irin wannan, abin da ke ratsa kanekta zuwa bod lissafi ne gamamme, ta layukan sadarwa na I2C ko SPI: yatsa na wuri kaza, wuri kaza. Bod ba shi da hanyar kashe siririn layi ɗaya ya bar saura. Laifin bod ko ya kashe tac duka, ko ya sa ya riƙa ɗaukewa yana dawowa duka. Don haka a wayar da kake magana, layin gefen dama na sikirin ne, kada ka kai bulowa, na'urar hura iska mai zafi, kusa da bod. Kuma in incell ne ba a canja tac shi kaɗai, sai sikirin gaba ɗaya.

Inda IC yake a kan bod, lissafin ya juya. A iPhone 6 da wasu na gabanta, da iPad da yawa, da ƙananan tablet, kowane layi na da ƙafarsa a kanekta. Ƙafa ɗaya ta lanƙwashe ko ta yi tsatsa, layi ɗaya ya mutu, sikirin kuwa lafiyarsa ƙalau. Shahararren misali shi ne iPhone 6 Plus: jikinta na lanƙwasa, dalmar ƙarƙashin IC na tac ta saki, sai wani layi mai ruwan toka ya riƙa walƙiya a saman allo, tac ya ɗauke. An canja sikirin da yawa a banza kafin a gane. Apple ta buɗe shirin gyara a kan wannan a Nuwamban 2016. Masu aikin bod suna ɗaga IC ɗin ne, su ja jamfa, wato siririn zaren tagulla da ke haɗa hanyar da ta yanke, a ƙafar M1, su mayar. Daga 6s aka mayar da IC jikin sikirin.

Idan za ka buɗe, ka sauke batir ƙasa da kashi 25 tukuna. Ɗumama bayan wayar a digiri 70 zuwa 80 na Selsiyos na minti biyu zuwa uku, ka shiga da roba siririya, kada ta wuce milimita 3 zuwa 4 ciki saboda fileks na sensar zanen yatsa da na maɓallai. Abu na farko da ake cirewa kanektar batir ce, kuma ita ce ta ƙarshe da ake mayarwa. Cire ko jona sikirin batir na ciki shi ke ƙona fiyus ko filtar hasken baya, ka zo gyaran tac ka tashi da allo mai duhu.

Dubi kanekta da madubin ƙara girma, ɓangaren bod da na fileks. Kore-kore ko fari-fari a ƙafafu alamar danshi ne, ko da mai waya ya rantse ba ta ga ruwa ba. Gumi da tururi sun isa. Wanke da sipirit na isopropyl mai kashi 99 da buroshi mai laushi, ka bari ya bushe sarai. Kada ka yi amfani da mai kashi 70, ruwan cikinsa ya yi yawa. Wayoyi da yawa sikirin ɗinsu na jonuwa ne ta babban fileks da ke bi ta kan batir tsakanin ƙaramin bod da babba. Wannan fileks na tsagewa a inda ya lanƙwasa, kuma araha gare shi a kan sikirin, don haka a gwada shi.

In tac ya mutu duka ne, sai mitar auna lantarki. Batir a cire, mita a saitin diode, jan tsinke a gurawun, baƙin a ƙafar da kake aunawa. Layukan tac na SDA, SCL, INT da RST kan ba da wani abu tsakanin 0.3 da 0.7, amma kwatantawa da bod mai lafiya ko sikimatik (zanen hanyoyin bod) na wannan samfurin ita ce hujja. OL na nufin hanya ta yanke, sau da yawa ƙaramar filta ce kusa da kanekta ta fita. Kusan sifili na nufin shot, wato hanyar ta haɗu da gurawun kai tsaye, yawanci kafasita. Bayan nan ka jona batir, ka kunna allo, ka nemi volt 1.8 da kuma wutar da ke tsakanin 2.8 da 3.3 in samfurin na amfani da ita. A lura, waya na yanke wannan wutar in allo ya yi barci, kada ka auna a lokacin ka ce babu.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne hura wa IC wuta a ce an gyara. Zafi na iya dawo da tac na kwana kaɗan domin dalma ta motsa, amma tsagar na nan.

Ɗalibin_Gyara

Allah ya saka da alheri, malamai. Ga sakamako. A Pointer location layi na yankewa a wuri ɗaya daga sama har ƙasa, faɗin kamar milimita 5, a Safe mode ma haka. Da fawa-banki wayar ba ta danna kanta ko sau ɗaya, da wata caja ta asali ma haka. Batir bai kumbura ba, kanekta fes take. Sikirin incell ne. Ke nan caja za a canja da sikirin. Saura tambaya ta biyu: wane iri za a saya, kuma yaya ake ɗaurawa?

Mai_Kayan_Gyara

Madalla, ɗan'uwa. Tun kafin komai a kwashe bayanan mai waya. In tac ya ƙi ba da damar buɗe makulli, jona linzamin kwamfuta ta adaftar OTG a ramin caji, kibiya za ta fito a allo.

Sikirin hawa-hawa ne. Akwai na kamfani sabo, sau da yawa haɗe da firem ɗin da sikirin ke zama a kai. Akwai wanda aka ciro daga wata waya. Akwai na asali da aka canja wa gilashin sama. Sai na kwaikwayo: OLED mai laushi, OLED mai tauri, da LCD incell da ake sa wa wayar da asalinta OLED ce. Na ƙarshen nan ya fi kauri, yana cin batir, kuma in wayar na karanta yatsa ta cikin allo, karatun zai daina. A faɗa wa mai waya wannan kafin a ɗaura, ba bayan ya dawo da fushi ba. Tunda taka LCD ce tun asali, nemi na kamfani mai firem in akwai. Ya fi tsada, amma ya raba ka da aikin gam da haɗarin tsohon firem da ya karkace a faɗuwa. Firem da ya lotsa a kusurwa yana danne sabon sikirin, tac ya riƙa danna kansa a wurin, ko gilashi ya tsage da kansa.

Kada ka saya da sunan waya kaɗai. Samfuri ɗaya kan fito da sikirin na kamfanoni biyu ko uku, kowanne da IC ɗinsa, manhajar direban da ke cikin wayar kuma ba lallai ya san duka ba. Karanta cikakkiyar lambar samfurin, ka kwatanta rubutun da ke kan fileks na tsohon da na sabon. Alamar rashin dacewa ita ce hoto ya fito amma tac shiru, ko ya yi aiki sai allo ya yi barci ya farka ya ƙi ji.

Gwaji kafin gam, wannan ba a tsallake shi. Kada ka ɓare ledar kariya, kada ka cire tambarin mai sayarwa, domin da zarar gam ya taɓa shi ba za a karɓa ba. Jona sikirin, ka ɗora shi a kan abin da ba ƙarfe ba, fileks bai naɗe ba. Kunna wayar hannunka ba ya kan gilashi, saboda IC na ɗaukar ma'aunin "babu yatsa" ne a lokacin tashi. In ya ɗauka da yatsa a kai zai rikice. Sake zana taswirar nan, ka bi bakin allo huɗu da kusurwoyi a hankali, nan na kwaikwayo ke gazawa. Sa yatsu biyar tare ka ga ko ya ƙirga su. Ja alamar manhaja ɗaya ka zagaya da ita ko'ina; inda ta kuɓuce, akwai rami. Kashe allo ka kunna sau goma. Sa caja mai kyau, ƙara haske ƙarshe, ka bar shi minti goma ya yi ɗumi kana kallo.

In babu firem, kankare tsohon gam da ɓurɓushin gilashi tas, ƙwaya ɗaya ta isa ta fasa LCD. Mayar da duk wani soso mai ɗaukar lantarki da tef na tagulla da ke bayan tsohon, da farantin ƙarfen da ke rufe kanekta. Su ne gurawun da garkuwar tac, ba ado ba ne. Gam B-7000 ko T-7000 siriri za a zizara a bakin firem, a jira minti biyu zuwa uku, a ɗora. In ya yi yawa yana malala cikin hasken baya ko ramin sensa na kusa da sifika, allo ya riƙa ƙin mutuwa ko ƙin dawowa a lokacin kira. Matse da maƙalai masu laushi ko roba, ba da ƙarfi ba, na awa biyu zuwa uku; cikakkiyar bushewa sai awa 24 ko fiye. Kowane noti ya koma raminsa. A iPhone dogon noti a gajeren rami yana huda layukan bod.

Ga masu kai gyara kuwa: ku tambayi irin sikirin da za a sa da tsawon garanti, a rubuta a rasit tare da lambar IMEI ta wayar. Ku karɓi tsohon sikirin. Ku yi gwajin taswira a gaban mai gyara. In waya na cikin garantin kamfani kuma babu tsaga babu alamar ruwa, kada a bari kowa ya buɗe ta, a kai wurin kamfanin. Wani lokaci laifin daga masana'anta ne: Apple ta canja sikirin kyauta ga wasu iPhone X a 2018, da wasu iPhone 11 a 2020, duk saboda tac.

Malam_Sikirin

Ƙari biyu a kan maganar Mai_Kayan_Gyara, don masu karatu da na'urarsu ba irin wannan ba ce.

Manhajojin da ke cewa suna saita tac ba sa gyara komai a allo irin na wayoyin yanzu, kada a ɓata lokaci. Saiti na gaskiya na allo mai aiki da matsi ne, wanda ake samu a Nintendo DS da 3DS, tsofaffin GPS, da wasu na'urorin masana'antu. Shi leda biyu ne da ɗan rata a tsakani, sai an danna su haɗu, shi ya sa farce ko tsinke ke aiki a kansa. In wurin dannawa ya kauce, a shiga saitinsa a taɓa alamomin da tsinkensa. In ya ƙi saituwa, a duba bakin allo: ƙura ko yashi da ya maƙale tsakanin firem da leda yana zama danni na dindindin, kuma irin wannan allo wuri ɗaya kaɗai yake iya karantawa. A zagaya bakin da takarda siririya, sau da yawa shi ke nan.

A ƙananan tablet kuma, inda gilashin tac daban yake da LCD, lambar da ke kan fileks ita ce komai. Gilashi biyu na iya zama girma ɗaya, ƙafafu ɗaya, amma jerin layukansu ya bambanta, sai ka taɓa hagu ya danna dama. IC irin Silead GSL1680 ba ya riƙe tsarinsa, tablet ɗin ne ke loda masa a kowane tashi, don haka fulashin, wato sake loda manhajar na'urar, da fayil ɗin wani samfuri ma na juya tac ko ya kashe shi. A iPad masu gilashi daban, a rufe layukan azurfa na bakin gilashin da tef na Kapton inda za su iya taɓa firem na alminiyam, in ba haka ba zai riƙa danna kansa bayan an rufe.

Wani abu kuma, in sikirin na kwaikwayo ya yi wata yana aiki sai ya mutu daidai bayan sabunta manhajar waya, kada a ɗora wa mai gyara nan take. Ya faru a 2018, lokacin da iOS 11.3 ya kashe tac a wasu iPhone 8 masu irin wannan sikirin, sai 11.3.1 ya dawo da shi. A duba ko akwai wani sabuntawar kafin a sake buɗe waya.

Ɗalibi, kai dai tsohuwar cajar nan kada ta koma hannun mai waya. In ya ci gaba da ita, sabon sikirin ma zai danna kansa, kuma wurinka zai dawo.